Tufka da Warwara: Shin Shaidar Kwalbar Gwaji Karɓaɓɓiya ce a kan Naɗin Kiromatin?

A cikin mas'alolin da masana ilmin halittu suka daɗe suna taƙaddama a kansu, da wuya a sami wadda ta kai wannan sauƙin faɗi da wuyar warwarewa, watau yadda zaren DNA, wanda in da za a miƙe na ƙwayar halitta guda ɗaya tak daga jikin ɗan Adam tsawonsa zai kai kimanin mita 2, yake naɗuwa har ya shige cikin wata 'yar cibiya wadda faɗinta bai wuce kashi ɗaya cikin ɗari na milimita ba, sa'an nan kuma, duk da wannan matsatsi, ba a fasa karanta shi ba, ba a fasa kwafarsa ba, ba a kuma fasa ɗinke inda ya tsinke ba. Zaren nan ba tsirara yake zaune ba. A cuɗe yake da waɗansu furotin da ake kira histon, haɗin nan nasu kuwa shi ne kiromatin, sunan da Walther Flemming na Jamus ya raɗa masa wajen 1879.

Matakin farko na naɗin ba a jayayya a kansa, an riga an yi ijma'i. A 1974 Ada Olins da Donald Olins suka gani a madubin ilektiron cewa in an warware kiromatin kamarsa ɗaya da carbi, ƙwallo na bin ƙwallo a jikin zare. A shekarar nan kuma Roger Kornberg ya bayyana cewa kowane ƙwallo histon takwas ne suka dunƙule, zaren ya naɗe su. A 1997 Karolin Luger da Timothy Richmond, a birnin Zurich na Suwizalan, suka fito da surar ƙwallon filla-filla, aka tabbatar da cewa tagwayen haruffan DNA kimanin 147 ne suke kewaye shi, zagaye ɗaya da kusan kashi biyu bisa uku. Wannan ƙwallo shi ne niyukiliyosom, kaurinsa kimanin nanomita 10, nanomita kuwa kashi ɗaya ce cikin miliyan na milimita. To, amma carbin nan iyakarsa ya rage tsawon zaren ninki shida ko bakwai, alhali kuwa sa'ad da ƙwayar halitta za ta rabu biyu sai an rage shi ninki wajen dubu goma, ya dunƙule ya zama abin da ake kira kiromosom. Abin da ke faruwa bayan carbi, nan ne aka rabu.

Aka sami mazhaba biyu. Ta farko, wadda zan kira mutanen kwalba, ra'ayinta shi ne a fitar da kiromatin daga cibiya, ko ma a gina shi da hannu, a saka shi a ruwa mai sanannen gishiri, a auna yadda yake naɗuwa. Ta biyu, mutanen cibiya, suna cewa kome aka gani a kwalba ba ya zama hujja sai an gan shi a inda Allah ya ajiye abin.

Mutanen kwalba ne suka fara riƙe fage. A 1976 John Finch da Aaron Klug, a Kambirij ta Ingila, suka ba da labarin cewa carbin yana tufkuwa ya zama igiya mai kaurin nanomita 30, ƙwallo wajen shida a kowane zagaye. A 1979 kuma Fritz Thoma da Theo Koller tare da Klug suka nuna cewa gwargwadon ƙarin gishiri a ruwan gwargwadon ƙarin tufkuwa, musamman in akwai wani histon na daban mai suna H1, wanda yake ɗaure bakin zaren a inda ya shiga ƙwallo da inda ya fita. Sababin wannan kuwa a fili yake: zaren DNA yana ɗauke da cajin lantarki jinsi ɗaya a tsawonsa duka, caji masu jinsi ɗaya kuwa tunkuɗe juna suke yi, saboda haka carbin ba zai yarda ya haɗa jiki ba sai an kawo abin da ke ɗauke da kishiyar cajin, ko gishiri, ko maganiziyam, ko wutsiyoyin histon ɗin kansu. Zanen igiyar nan ya shiga littattafan karatu, ɗalibai a kowace nahiya suka haddace shi, har ya zama kamar nassi.

Da yake kiromatin da aka ciro daga jikin dabba gauraye ne, wani ƙwallo kusa wani nesa, wani da ado wani babu, sai masu bincike suka koma gina nasu carbin. A 1985 Robert Simpson da abokan aikinsa suka jera wani yanki na DNA ɗin wata dabbar teku mai ƙaya sau 12, kowane yanki mazaunin ƙwallo ɗaya. A 1998 kuma Peggy Lowary da Jonathan Widom na Amurka suka tace tiriliyoyin jerin haruffa na ƙirƙira, suka zaɓo wanda histon ya fi ƙauna, shi ne ake kira 601, wanda kusan kowane ɗakin binciken kiromatin yake aiki da shi. Yadda ake ginin kuwa, a haɗa zaren da histon a ruwan gishiri wanda ya ninka na teku sau uku, inda ba mai iya kama wani, a zuba a 'yar jaka mai tsatstsafar da gishiri, a ajiye a ɗakin sanyi, a yi ta sauya ruwan waje da wanda ya fi shi salam, sannu a hankali, har gari ya waye kowane histon ya zauna a gurbinsa.

Babban ma'aunin wannan mazhaba shi ne injin wulwulawa mai awo, wanda Theodor Svedberg na Uppsala a Suwidin ya ƙago, aka ba shi lambar Nobel a 1926, injin kuma ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne ya fi kowace hanya barin kiromatin a halinsa na cikin ruwa, ba a busar da shi ba, ba a rina shi ba, ba a manna shi a jikin kome ba. Ana ɗura ruwan gwajin a wani ɗan akwati mai taga biyu masu barin haske ya ratsa, gefe guda carbi, gefe guda ruwa zalla don gwadawa, a sa a injin, a zuƙe iskar ciki, a sake shi yana juyi kimanin 20,000 a minti. Yana cikin juyin ana haska shi da hasken da DNA yake sha, ana kallon iyakar da ke tsakanin ruwan da ya washe da wanda ke da sauran kaya tana matsawa zuwa ƙasa, sa'a bayan sa'a. Nauyin carbin ba ya sauyawa ko ya naɗe ko ya miƙe. Abin da ke sauyawa shi ne yadda ruwa yake riƙe shi, gama miƙaƙƙe jan jiki yake yi, dunƙulalle kuwa sai ya zarce. Jeffrey Hansen na Amurka, wanda ya yi shekaru yana wannan awo, ya nuna cewa carbi mai ƙwallo 12 a ruwa maras gishiri saurin nutsewarsa 29 ne a ma'aunin Svedberg, in aka ƙara gishiri ya kai 40, in aka sa maganiziyam milimola 1 zuwa 2 yana iya kaiwa 55, wanda ya dace da cikakkiyar igiya.

Hujjar mutanen kwalba mafi ƙarfi, a ganina, ba surar igiyar ba ce, a'a, ikon da suke da shi ne na gano illa, watau sababin da hukunci yake rataye a kansa, ta hanyar cire abu ɗaya a bar sauran. Sun yanke wutsiyar H4, ɗaya daga histon ɗin da ke cikin ƙwallo, sai naɗin ya rushe. Suka gane cewa wutsiyar nan miƙa hannu take yi ta kama wani gurbi a fuskar ƙwallon maƙwabcinta. A 2006 Michael Shogren-Knaak da Craig Peterson suka ɗora wata 'yar alama ta sinadari, asetil, a wuri guda tak na wutsiyar nan, wanda ake kira laisin ta 16, sai ga shi alama ɗayan nan ta hana tufka kamar an yanke wutsiyar gaba ɗaya. Abin sha'awa kuma, wannan alama ita ce aka riga aka sani tana lulluɓe kiromosom X na namijin ƙudan 'ya'yan itace, wanda dole a karanta shi ninki biyu domin namijin guda ɗaya gare shi, tamatar kuwa biyu. Ga abin da aka gani a jikin mai rai ba a san dalilinsa ba, ga kwalba ta kawo dalili. A cikin cibiya, inda dubban furotin suke kai da kawowa a lokaci guda, wa ya isa ya ware sababi ɗaya haka?

Sai dai kuma shaidun wannan ɓangare ba su haɗa baki ba, nan ne kuwa abokan jayayya suka fara samun ƙofa. Klug ya ce tufka ɗaya ce, kowane ƙwallo yana manne da mai bi masa, zaren tsakani ya lanƙwashe a ciki. Richmond ya ce biyu ce: ƙwallo na ɗaya yana kan na uku, na biyu yana kan na huɗu, zaren tsakani yana tsallakawa a miƙe. A 2004 mutanensa suka ɗaure kowane ƙwallo da wanda ke jingine da shi, suka yanyanke zaren tsakani, sai carbi mai 12 ya rabe gida biyu, shida-shida. A 2005 suka ƙara da surar ƙwallo huɗu ta hanyar hasken eksire. Ba a jima ba, a 2006, Daniela Rhodes ta Kambirij ta auna dogayen carbi masu tazara iri-iri, ta sami kauri biyu, nanomita 33 da 44, ta ce wannan bai dace da tufka biyu ba. A 2014 kuma Guohong Li da Ping Zhu na Beijing a ƙasar Sin suka fito da hoton igiya mai tufka biyu, an gina ta da rukunin ƙwallo huɗu-huɗu. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Zaren DNA yana murɗawa zagaye ɗaya a kowane harafi goma da ɗan ɗoriya, saboda haka in ka ƙara harafi biyar kacal a tazarar da ke tsakanin ƙwallo biyu ka juya fuskar na biyun baya ke nan. Kowane malami kuwa da tazarar da ya zaɓa, da gishirinsa, da histon ɗin da ya sa ko ya bari.

Mutanen cibiya suka ce, madalla, ai kun yi mana aiki. In surar igiya tana bin abin da mai gwaji ya zaɓa, to, igiyar ta mai gwaji ce. Suka ce 601 ba ya cikin halittar kowane mai rai, yana riƙe histon da ƙarfin da ya wuce na mafi yawan DNA na ainihi. Tazarar da kuka daidaita kamar da ma'auni, a jikin mai rai ba daidai take ba. Histon ɗinku a cikin bakteriya kuka noma su, ba su da ko ɗaya daga alamomin da na ainihi suke ɗauke da su. Yawancin hotunanku kuma sai da kuka sandarar da igiyar da magani kafin ku ɗauka. Amma sukar da ta fi kowace nauyi ita ce ta yawa. Kiromatin a cikin cibiya ya fi na cikin injin wulwulawa cunkoso ninki ɗari ko fiye. Carbi ɗaya da aka ajiye shi kaɗai a kan buzu ba shi da abin da zai naɗe sai kansa. Amma a zuba ɗari a kwando ɗaya a danna, kowane ƙwallo zai tarar na wani carbin ya fi na gidansu kusa da shi. Wutsiyar H4 ba ta tambayar nasaba, wanda ta tarar shi take kamawa. Saboda haka, in ji su, auna cibiya da kwalba ƙiyasi ne tare da bambanci, irin wannan ƙiyasi kuwa malamai ba su karɓarsa.

Ba su tsaya ga suka ba, sun kawo nasu shaidu. Jacques Dubochet, wanda daga baya ya sami lambar Nobel a 2017, ya ƙware a daskarar da ƙwayar halitta da saurin da ruwa ba ya samun zarafin yin ƙanƙara mai tsaga, a yanka ta siriri a duba ba rini ba magani. Tun 1986 shi da abokan aikinsa suka duba kiromosom ta wannan hanya ba su ga igiya ba, sai wani abu mai tsaki-tsaki bai ɗaya, a 2008 kuma Mikhail Eltsov ya maimaita da ƙwayoyin ɗan Adam, sakamako bai sauya ba. Saura shaida ɗaya da ta tsaya musu a wuya: tun 1983 an haska cikakkun kiromosom da eksire, an ga alamar wani abu da ke maimaituwa a kowace nanomita 30. Kazuhiro Maeshima na Mishima a Japan ya koma kan wannan awo a 2012, ya sami alamar kamar yadda magabata suka ruwaito, amma da ya duba kiromosom ɗin a madubi sai ya ga bayansu duk ribosom ne, watau 'yan injinan ƙera furotin na ƙwaya, suka manne, su kuwa girmansu ya yi kusa da wannan adadi. Da aka wanke su, alamar ta ɓace. Shaidar da aka yi kusan shekara 30 ana dogara da ita, ashe ta baƙi ce da suka raɓu a bakin ƙofa. A 2017 kuma Clodagh O'Shea ta Cibiyar Salk a Kalifoniya ta rina DNA a cikin cibiya ta hanyar da madubin ilektiron zai gan shi ta kowace fuska, ta sami sarƙa maras tsari mai kauri tsakanin nanomita 5 da 24, wadda bambancin wuri da wuri a cikinta na cunkoso ne kawai.

Mutanen kwalba suna da raddi, kuma ba raddin borin kunya ba ne. Suka ce rashin gani ba ya tabbatar da rashin samuwa, balle a yanki mai cunkoso inda ƙwallaye suke hawa kan juna a hoto. Suka ce hanyar O'Shea ita ma sai da aka sandarar, aka tsotse ruwa, aka zuba ƙaro, to, me ya sa maganinku halal namu haram? Suka kuma nuna wuraren da aka ga igiyar a cikin cibiya ba tare da shakka ba, kamar jajayen ƙwayoyin jinin kaza, waɗanda, saɓanin namu, suna riƙe da cibiyarsu, da maniyyin tauraron teku. Amma wannan hujja kaifi biyu gare ta, domin waɗannan ƙwayoyi ne da suka kusa rufe littafinsu, ba a karanta kome a cikinsu sai kaɗan, na kazar ma histon ɗaurinsu na musamman ne, H5. Jinin kaza kuwa, saboda arha da sauƙin samu, yana cikin abin da aka fi yin gwaje-gwajen farko da shi. Abin da ya fi wannan ƙarfi shi ne binciken Viviana Risca a 2017, wadda ta tsinka DNA a cikin ƙwayoyi da haske mai ratsa jiki ta auna gutsattsarin, ta sami alamar cewa a yankunan da ke kulle ƙwallo na ɗaya yana taɓa na uku, kamar yadda Richmond ya ce, ko da yake a gajeren zango. Masu auna carbi ɗaya-ɗaya kuma, ko ta ja da maganaɗisu kamar John van Noort na Leiden, ko ta ɗora fitilu biyu masu launi a jikinsa kamar Beat Fierz na Lausanne, sun nuna cewa ko a kwalbar ma igiyar ba a tsaye take ba, ƙwallaye suna haɗuwa suna rabuwa cikin abin da bai kai ƙiftawar ido ba.

Akwai wani abu a tarihin nan da nake ganin ya fi duk abin da ya gabata ba da haske, ba a kuwa cika ambatonsa ba. Duk mai aikin kwalba ya san cewa in ya zarce da maganiziyam ya wuce milimola 2 ko 3, ruwan sai ya gurɓace kamar an ɗiga madara, in aka wulwula shi kaɗan kayan su kwanta a gindi. Shekaru da yawa mafi yawan masu bincike suna ɗaukar wannan a matsayin ɓarna, suna tsayawa daf da iyakar don kada gwaji ya lalace. Hansen yana cikin 'yan kaɗan da suka nace cewa gurɓin nan ba shara ba ne, tun da in an janye maganiziyam yana narkewa ya koma carbi lafiya lau. A 2016 shi da Maeshima, watau jigo daga kowace mazhaba, suka haɗu suka haska wannan abin da ke kwanciya da eksire, suka tarar dunƙule-dunƙule ne manya, ƙwallayen carbi dabam-dabam sun saƙu da juna, babu igiyar nanomita 30 a ciki. Kwalbar da ta haifi igiyar ita ce ta warware ta, da zarar an bar carbi ya sadu da 'yan'uwansa.

Saboda haka in an tambaye ni tarjihi, sai in ce shaidar kwalba karɓaɓɓiya ce a kan illa, abar tuhuma ce a kan sura. Abin da Finch da Klug suka gani haƙƙun ne, amma hukunci ne mai ƙaidi: carbi kaɗan, gishiri kaza, tazara kaza. Marubuta littattafan karatu ne suka cire ƙaidin suka mai da shi muɗlaƙi, saboda zane mai hawa-hawa, daga zare zuwa carbi zuwa igiya zuwa kiromosom, yana da daɗin koyarwa da daɗin jarrabawa. Amma ba zan bi masu cewa a rufe injin wulwulawa a koma kallon cibiya kaɗai ba, gama duk abin da suke fassara hotunansu da shi, wutsiyar H4 ne, ko aikin H1, ko tasirin asetil, daga kwalba suka aro shi. Hatta hanyoyin zamani masu ƙididdige wane yanki na DNA yake kusa da wane, irin su Hi-C da ta fito a 2009, suna faɗin wa ya zauna kusa da wa, ba su faɗin abin da ya zaunar da su.

Jayayyar ba ta mutu ba, sauya riga ta yi. A 2019 Michael Rosen na Dallas da ɗalibansa suka nuna cewa carbin ƙirƙira, a gishiri irin na cikin jiki, yana taruwa ya zama ɗigo-ɗigo masu haɗewa da juna kamar ruwa, cewa asetil yana narkar da su, cewa kuma tazarar nan mai ƙarin harafi biyar ta fi saurin haifar da su. A 2020 Michael Hendzel na Alberta a Kanada, tare da Hansen, suka ce ba ruwa ba ne, daskararre ne, a kwalba da cikin ƙwaya mai rai duka, ba ya kuma zama ruwa sai an sa waɗansu abubuwa a ruwan gwajin, cikinsu har da furotin ɗin jinin saniya da aka saba zubawa don kada kaya su manne a gilashi. Rosen ya mayar da martani a 2023 cewa ɗigon nasa ruwa ne ko da waɗannan abubuwa ko babu, bambancin daga yadda aka shirya kayan ne da yadda aka haska su. A wannan karon Hansen, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a gaban injin wulwulawa, yana sahu ɗaya da mai kallon cibiya, abokin jayayyarsa kuwa mutumin kwalba ne ɗan'uwansa.